Da tsohuwar zuma ake magani: tayar da tsohuwar mota a gida, daga Gidigir

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Damagaram ya nufi gabas, in ya wuce Mirriya da Gidimuni, kafin ya kai Gure sai ya ratsa Gidigir. Gari ne na kasuwa a cikin gundumar Gure, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa ke haɗuwa da bisashensu da hatsinsu. A kewayensa akwai kwaruruka masu dausayi a tsakanin tuddan rairayi, inda ake samun dabino da rogo da kayan lambu, ake kuma haƙar kanwa. Kwalta ta tsaya a kan babbar hanya kawai. Abin da ya rage, daga kwari zuwa kasuwa, daga ruga zuwa likita, duk rairayi ne.

A irin wannan ƙasa mota jari ce. Ita ke fito da buhun kanwa da na dabino, ita ke kai raguna bakin iyaka, ita ke ɗaukar mace mai naƙuda da tsakar dare. Shi ya sa tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati mai tsohuwar mota a kwance a bayan gida take da nauyi: ya sayar da ita a kilo ga masu gwangwan, ko ya zuba ajiyarsa ta shekaru ya tayar da ita? Wanda ya yi lissafi daidai yakan sami abin neman abinci na wasu shekaru. Wanda ya yi kuskure yakan rasa kuɗin, ya kuma rasa motar.

Inda motocin suka fito

Yawancin tsofaffin motocin da ake gani a gabashin Nijar iri uku ne: Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, da Land Rover, da Toyota Land Cruiser. Peugeot 404 ta fito a Faransa a shekarar 1960, 504 kuma ta biyo baya a 1968. Sunansu ya kafu a Afirka ne saboda juriya: 404 ta cinye tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita kuma 504 ta cinye shi a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ba ta kuma daina yin 504 ba sai a 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta bar ta. Wannan shi ne dalilin da ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwannin arewacin Najeriya.

Wasu motocin ta Sahara suka shigo. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai kan sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su tuƙo ta ta Aljeriya, su biyo Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Damagaram ko Yamai, su koma gida da jirgi. Tawaye a arewacin Nijar da rikicin Aljeriya a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan ciniki, sai harka ta koma tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Akwai kuma motocin ma'aikatu da na ayyukan raya karkara da ake yin gwanjonsu in sun tsufa, waɗanda ma'aikata da yawa suka mallaki motarsu ta farko ta wannan hanya.

Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. Sabuwar mota da sabon kayan gyara daga Turai suka ninka kuɗi a dare ɗaya, a lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati albashin watanni. Tun daga nan gyaran tsohuwa ya zama dole ga talaka da mai matsakaicin hali. Tarihi ya sake maimaita kansa: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, iyakar Benin kuwa ta daɗe a rufe bayan nan, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Duk lokacin da hanya ta toshe, darajar motar da ke kwance a gida takan tashi.

Kafin a kwance ƙusa ɗaya

Hausawa sun ce garin gyaran gira akan rasa ido. Abu na farko da za a duba shi ne takardu. Lambar da ke jikin shasi ta dace da wadda ke cikin takardar mallaka, wato kart-giris? An biya kuɗin duwan lokacin da motar ta shigo? Motar da ba ta da asali, ko an mayar da ita amarya, a shingen jandarma na farko za ta kwana.

Abu na biyu shi ne shasi da ƙasan mota. A shiga ƙarƙashi da guduma da fitila a bubbuga, musamman wuraren da sifirin ke kamawa da inda inji ke zaune. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum ko ya zube gari. Inji ana sake shi, fenti ana sake shi, amma motar da ƙashin bayanta ya ruɓe ko ya karkace saboda haɗari ba ta cancanci a kashe mata ko dala ba.

Abu na uku, a saurari inji in har yana tashi. Hayaƙi shuɗi alama ce ta cewa yana cin baƙin mai, galibi saboda ringi ko hanyoyin bawul sun cinye. Baƙin hayaƙi na nuna mai ya fi iska yawa, wanda sau da yawa matatar iska ce ta toshe da ƙura ko kafireto ya ɓaci, kuma wannan ba ya bukatar a sauke inji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, tare da baƙin mai da ya koma kalar madara, alama ce ta ruwa na shiga ta gasket ɗin kai. Makanikin kirki yana da agogon auna matsin silinda. In matsin wata silinda ya yi ƙasa, sai ya zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ya sake aunawa. In ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Wannan gwaji na rabin sa'a yana iya hana mutum kashe kuɗin wata uku a banza.

Rairayi da kanwa

Maƙiyan mota a ƙasar Gure biyu ne. Na farko rairayi. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri, in ta shiga tsakanin fistin da silinda sai ta yi ta gurza kamar dutsen niƙa. Don haka ba a haɗa inji a tsakar gida a fili. A nemi ɗaki ko zaure mai ƙofa, a share, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tamfol, a rufe kowane ƙarfe da aka wanke da tsumma mai tsabta. Watannin hunturu, lokacin da buji ke tashi, su ne mafi muni ga haɗa inji da yin fenti.

Na biyu kanwa. Ita ce arzikin kwaruruka, ita ce kuma ajalin mota. In ta jiƙe takan riƙe danshi a jikin ƙarfe ta ci fenti, ga shi kuma tana cin gorar ruwa, wato alminiyom, kai tsaye. Kan injin 404 da na 504 da alminiyom aka yi shi, haka ma gangar jikin tsohuwar Land Rover. Direban da ke cika lagireto da ruwan rijiya mai kanwa yana kashe injinsa da hannunsa: bututun lagireto su toshe, hanyoyin ruwa na cikin kai su zaizaye, wata rana a tsakiyar tudu inji ya tafasa, kai ya lanƙwashe. Ruwan sama da aka tara aka tace, tare da maganin lagireto da ake sayarwa a galan, shi ya dace da injin da aka kashe wa kuɗi.

Sauke inji da kwance shi

Inji ba a rataye shi a reshen bishiya da igiyar rijiya. Ana kafa ƙafa uku ta bututun ƙarfe mai kauri, a sa sarƙar ɗagawa. Kuma kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi inda jak ke nutsewa. A sa guntayen kututture masu faɗi a ƙarƙashin shasi, a tare tayoyi, a cire kan batir.

Wurin kwancewa, tsari shi ne rabin aiki. Kowane murfin karanshaf da na sandar fistin yana da mazauninsa da fuskar da yake kallo, ba a musanya su. A yi musu lamba tun suna ɗaure. Sandunan tura bawul a soke su a jikin kwali bi da bi. Ƙusoshin kowane sashe a zuba su a gwangwani dabam a rubuta suna. Yau da kusan kowa ke da salula mai hoto, a ɗauki hoton wayoyi da bututu kafin a cire su.

A nan ne Fijo ta fi sauran motoci sauƙi ga mai gyara a ƙauye. Injin fetur na 404, mai girman santimita kubik 1618, da na 504, mai 1796 ko 1971, silindoginsu riguna ne na ƙarfe da ake zarewa, waɗanda makanikai ke kira shamis. In sun cinye ba sai an kai gangar inji wurin injin huda ba: ana sayen saiti guda na shamis da fistin da ringi, a zare tsofaffi a zura sababbi. Sai dai abu biyu ne ke kayar da masu gaggawa. Na ɗaya, abin toshe ruwa da ke gindin kowane shamis dole ya zama sabo, mazauninsa kuma a kankare shi tas, in ba haka ba ruwa zai gangara cikin baƙin mai. Na biyu, bakin shamis yana ɗan ɗarawa saman ganga da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, kuma dole dukkan huɗun su yi daidai da awon da kamfani ya rubuta, don gasket ya kama. Wanda ya cire kai kawai ba da niyyar sake shamis ba, kada ya juya karanshaf sai ya danne su da ƙarfe, don kada su ɗaga.

Akwai aikin da ba a yi a gida ko da makanikin ya kai gwani. Wasa karanshaf, da daidaita fuskar kai in ya lanƙwashe, da gyaran mazaunin bawul, da saita famfon gazuwal ga masu injin dizal, duk aikin masu injin wasa ƙarfe ne a Damagaram ko Kano. In an wasa karanshaf, a tambayi gwargwadon abin da aka rage a rubuta, domin da wannan lamba ake sayen metal da zai dace.

Wurin ɗaurewa, a shafa baƙin mai a kowane wuri mai gogayya, a karkasa bakin ringi kada su yi layi ɗaya, a dace alamun sarƙar lokaci. Ƙusoshin kai ana ɗaure su da sifana mai awo, daga tsakiya a yi waje, a hankali, zagaye bayan zagaye. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" shi ne ke tsinka ƙusa ko ya murɗe alminiyom. A injin 504 ratar bawul, in inji ya huce, milimita 0,10 ce ga na shiga, 0,25 ga na fita, wuta kuma tana bin silinda 1, 3, 4, 2.

Kasuwar kayan gyara

Mai gyara daga Gidigir yakan fara da Damagaram, in bai samu ba ya wuce Kano, mai nisan kimanin kilomita 240 daga can ta Matamai da Daura, inda kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari suka yi suna. A Kaduna akwai Panteka. A wannan tafiya har harshe yana iya jawo asara, domin makanikin Nijar da Faransanci ya koyi sunayen kaya, ɗan kasuwar Kano kuwa da Ingilishi. Abin da wannan ke kira buji, wancan fulogi yake cewa. Sagaman shi ne ringi, radiyato shi ne lagireto, amburayaj shi ne kuloci. Maganin wannan ɗaya ne: a tafi da tsohon ƙarfen a hannu, a aza shi kusa da sabon, a auna.

Kaya iri uku ne a kasuwa: na asali sabo, da kwaikwayo, da na hannu da aka ciro daga motocin da aka yanka, wanda ake kira Beljiyam. Tun da aka daina ƙera 504, na asali sai ƙara wuya yake, kwaikwayo kuma ya yi yawa, wani mai kyau wani na banza, a cikin kwali iri ɗaya. Ƙofa da gilashi da giya da akwatin sitiyari, na hannu mai lafiya ya fi sabon kwaikwayo. Amma ringi da metal da gasket da robobin birki da famfon mai, ba a sa tsoho, ba a kuma neman mai araha. Araha ba ta ado, ballantana a cikin inji, inda ƙarfen dala ɗari ke iya sa a sake sauke aikin gaba ɗaya.

Gangar jiki

Tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi. Toliye mai son gamawa da wuri yakan cusa takarda ko ragar waya a rami ya shafe da mastik, ya yi fenti mai ƙyalli. Kafin damina biyu sai wurin ya kumbura ya faɗo. Aikin gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ƙarfe mai haske, a yanko sabon faranti mai kauri ɗaya, a yi walda ɗigo-ɗigo ana barin wuri ya huce don kada ya lanƙwashe, a goge, a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje. Mastik na cike ƴan ƙananan lotsawa ne kawai.

Kafin a kunna wutar walda, a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ke fashewa. Masu walda da kabaid su nisanta tukunyarsu da tartsatsi, a kuma ajiye bokitin yashi a kusa, a kori yara.

Ga akori-kura, wadda ake kira bashe, wadda za ta koma dakon kanwa, a shafe ƙasan akwati da kwalta, a shimfiɗa katako, a riƙa wanke ta bayan kowane lodi. Fenti kuwa lokacinsa shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin buji ya sauko, da sassafe kafin iska ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda yake son motarsa ta yi aikin kaka, tun bazara zai sauke inji.

Abin da ke riƙe rai

Masu mota da yawa kan kashe duk kuɗinsu a inji da fenti, in an zo birki da taya a ce "a lallaɓa tukuna". Sabon inji a kan tsohon birki ya fi mataccen inji haɗari, domin yanzu motar tana da gudu. A sake robobin birki da bututunsa na roba, a duba na ƙarfe ko tsatsa ta ci su, a zuba man birki na gaskiya. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a daji yana tafasa in birki ya yi zafi, ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. A duba ƙullin sitiyari da fitilu. A gefen kowace taya ta zamani akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Tayar Beljiyam mai kyawun zane amma ta shekara goma, zafin kwaltar watan Afrilu kan fasa ta.

Ƙarin ganyen sifirin da ake yi wa bashe yana hana ta durƙushewa, amma ba ya ƙara wa birki ko shasi ko taya ƙarfi. An yi 504 bashe don ɗaukar tan ɗaya da ƴan kai. Abin da ake ɗora mata ranar kasuwa, buhuna a ƙasa, mutane a sama, awaki a gefe, kowa ya san ya wuce haka, kuma a kan wannan ne rayuka ke salwanta.

In an tayar da inji, kilomita dubu na farko na lallashi ne: ba gudu, ba lodi mai nauyi, ba hawan tudun rairayi da giya babba. Bayan nan a juye baƙin mai, a sake matata, a sake bin ƙusoshin kai, a sake saita bawul. Tsohon baƙin mai da ruwan batir kada a zubar da su kusa da rijiya ko lambu. A cikin kwaruruka ruwa yana kusa da sama ƙwarai, abin da aka zubar yau shi za a sha gobe.

Lissafin ƙarshe

Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a jihar Damagaram a Nuwambar 2011, an sami man gida, amma arhar man Najeriya da direbobin bakin iyaka suka daɗe suna dogara da ita ta kau bayan janye tallafi a can ran 29 ga Mayun 2023. Tsohuwar mota mai kafireto tana shan mai fiye da ta zamani, kuma wannan dole ya shiga lissafi. Abin da ta fi ta zamani da shi shi ne, duk abin da ya same ta tsakanin Gidigir da Kelle ana iya gyara shi da sifana da waya da basira, alhali motar da kwamfuta ke sarrafawa in ta tsaya sai an jawo ta zuwa birni.

Don haka mai niyya ya ɗauki takarda ya rubuta abu huɗu: kuɗin kaya, da ladan makaniki da toliye da masu wasa ƙarfe, da kuɗin tafiye-tafiye zuwa Damagaram ko Kano, da kuɗin takardu, wato inshora da binyat da duba lafiyar mota. Ya ƙara wani abu a kai saboda abin da ba a gani sai an buɗe. Ya yi yarjejeniya da makaniki a gaban shaidu, ya riƙa biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka gama, ya sayi kaya da kansa, ya karɓi tsofaffin da aka cire. In jimla ta kai kuɗin wata motar mai tafiya da ƙafarta, ko kuwa shasi ya ruɓe, ko takardu ba su cika ba, to masu gwangwan sun fi shi bukatarta. In kuwa ƙashin baya lafiya lau ne, takardu na nan, kuɗin kuma zai kai har birki da taya ba tare da an taɓa jarin kasuwa ko hatsin gida ba, tsohuwar Fijo na da sauran shekarun da za ta yi tana fito da dabino da kanwa daga kwari zuwa bakin kwalta.